Wane faifan The Third Man ya fi dacewa a saya?

Malam, game da tambayarka kan faifan wannan fim na 1949, shawarata ita ce ka nemi Blu-ray na kamfanin StudioCanal da aka buga daga gyaran 4K na 2015 (wato gyaran da ya fito da hoton fim ɗin tar-tar), domin fim ne baƙi da fari wanda kyansa ke cikin inuwoyin titunan Vienna da dare, kuma tsofaffin faifan DVD suna dusashe su. Ka tabbatar na Ingila ne mai minti 104, ba wanda David O. Selznick, ɗaya daga cikin furodusoshin fim ɗin, ya cire wa kusan minti 11 don Amurka ba. Faifan kamfanin Criterion yana da kyau, amma an daina buga shi, ga shi na Yankin A ne, alhali Turai da Afirka suna Yankin B, kuma faifan Blu-ray da aka kulle wa wani yanki ba ya aiki a na'urar wani yankin.