Digiri na biyu a ƙagaggen rubutu: in je ko in zauna?

Tambaya: Malam, na gama digirin farko a Turanci, yanzu ina bautar ƙasa. Ina rubuta gajerun labarai da Hausa da Turanci. Ƙawata ta ce in nemi digirin MFA, wato digiri na biyu a ƙagaggen rubutu, a Amurka, Baba kuma ya ce zai sayar da filinsa in dai karatun zai sama mini aiki. Me kake gani?

Amsa: Ƙanwata, kafin komai ki roƙi Baba ya bar filinsa inda yake. Wannan digiri ba na neman aiki ba ne. A Amurka ma, inda aka ƙirƙiro shi, masu riƙe da takardar sun fi guraben koyarwa yawa nesa ba kusa ba, kuma babu kamfanin ɗab'in da zai karɓi littafinki don kin nuna satifiket.

Abin da yake bayarwa lokaci ne da masu karatu. Shekara biyu ko uku kina rubutu, duk mako ku zauna ku goma sha wani abu da malami, a baje labarin mutum ɗaya a tebur a feɗe shi yana ji. Jami'ar Iowa ce ta kafa wannan tsari a 1936, Jami'ar East Anglia ta kai shi Ingila a 1970. Wanda ya taɓa ba abokai labarinsa suka ce "ya yi kyau" suka yi shiru, ya san darajar mutum goma da za su faɗa masa gaskiya.

Sharaɗina ɗaya ne: kada ki je sai in su za su biya ki. Iowa da Michigan da Cornell, da Cibiyar Michener ta Jami'ar Texas, suna yafe kuɗin makaranta su ɗora da alawus, wasu a madadin koyar da 'yan ajin farko. Shi ya sa kowa can yake nufa, gurbin kuwa kaɗan. Samfurin rubutunki, kamar shafi 20 zuwa 40, shi ne alƙali, ba makin digirinki ba. Galibi ana rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, kowace makaranta da kuɗin cike fom nata a dala, ga wahalar neman biza tana jiran ki.

Sai maganar da ƙawarki ba ta kawo ba. A ajin can na Amurka ba wanda zai karanta Hausarki. Za ki yi shekara biyu kina rubuta wa mutanen da sai an yi musu bayanin kishiya da kulle da lefe, kuma a hankali alƙalami kan saba da bayanin har ya manta da mutanen gida. In Turanci kika zaɓa, wannan ciniki ne da za a iya yi ido buɗe. In zuciyarki na wajen Hausa, marubutan Kano sun cika kasuwa da littattafai tun shekarun 1980 ba tare da wannan takarda ba.

Ki yi amfani da sauran watannin bautar ƙasa ki gwada kanki. Ki shiga zaman karatu na reshen ƙungiyar marubuta ta ANA mafi kusa, ki tura labari gasar Hikayata ta BBC Hausa, ki kammala labarai uku da kin sake rubuta kowanne sau uku. In Disamba ta zo suna hannunki, ki nemi makarantu huɗu ko biyar masu biya, ki ga abin da za su ce.