Amsa ga Goggo kan latas da gudawar yara

Assalamu alaikum jama'ar gida. Goggo barkanku da yamma, ya jikin yaran? Allah ya ƙara sauƙi. Na ji muryar da kuka turo, kuka ce kun wanke latas da kabejin nan da gishiri har sau biyu kafin ku haɗa salak, amma yara biyu suka kama gudawa, kuna tambaya wai gishiri ba ya kashe ƙwayar cuta ne.

To Goggo, gaskiya gishiri yana ragewa, amma ba ya gamawa da su. Kowane ganye da kuka gani a lambu, akwai ƙananan halittu miliyoyi zaune a bayansa, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Yawancinsu ba ruwansu da mu, wasu ma taimakon shukar suke yi. Masu sa mu ciwo baƙi ne a jikin ganyen, irin su E. coli da Salmonella da ƙwayar taifot da ƙwan tsutsar ciki, kuma hanyarsu ɗaya ce, ku yi haƙuri da kalmar, kashi. Na mutum ko na dabba. Ko ta ruwan ban-ruwa, ko ta ɗanyen takin shanu da na kaji da bai ruɓe ba, ko ta hannun da ba a wanke ba.

Ku ɗauki ganyen latas ɗaya ku ɗaga shi a rana. Kun ga lungu-lungun nan da jijiyoyin? Akwai kuma wasu ƙofofi ƙanana da ganyen yake numfashi ta cikinsu. Nan suke maƙalewa, su yi wani yauƙi su lulluɓe kansu, ruwa ya bi ta kansu ya wuce. In kuma aka yanka ganyen aka ajiye a zafi, ruwan da ke fita daga bakin yankan abinci ne a gare su. Salak ɗin biki da aka yanka tun hantsi, aka ci bayan la'asar, wallahi shi ne ya fi ba ni tsoro.

Kar ku ɗauka mu kaɗai ne fa. A 2011 a Jamus mutum wajen 4,000 suka kwanta saboda E. coli, sama da 50 suka rasu. Da farko kokwambar Sifen aka ɗora wa laifi, manoma suka yi asara ba gaira ba dalili, daga baya aka gano tsiron hulba ne da ake ci ɗanye, wanda aka shigo da irinsa daga Masar. Hulbar nan dai da muka sani. A Amurka ma a 2018 latas daga yankin Yuma ya kwantar da mutum sama da 200, biyar suka rasu, aka je aka tarar da ƙwayar a ruwan magudanar da ake shayar da gonakin. To ku tuna lambunan da ke bakin Jakara a nan Kano, da irin ruwan da yake bi ta wurin. Ni ba na ganin laifin masu lambun, ruwan da suka samu ke nan, amma dole mu san abin da muke kawowa gida.

Abin da nake yi ni dai, in cire ganyen waje in zubar, sauran in ɓare ɗaya bayan ɗaya, in wanke a ƙarƙashin ruwa mai zuba, ko famfo ko wani ya riƙa tsiyayo min da buta. Roba ɗaya da ake tsoma komai a ciki raba dattin kawai take yi. Sai in jiƙa da ruwan kal kaɗan, in ɗauraye. Karas da kokwamba a fere. Wuƙar da ta taɓa ɗanyar kaza kar ta kusanci ganye.

Amma yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mai ciki, da su Kaka, ni a ganina a bar musu ɗanyen ganyen kasuwa. A yi musu kwaɗon zogale ko rama da aka tafasa, ko kabejin a sulala shi. Wuta ita ce take kashe su da gaske.

Sannan Goggo, ina roƙonku, a ci gaba da ba su ruwan gishiri da sukari na leda, kurɓi-kurɓi. In kuka ga jini a bayan gidan, ko yaro ya rage fitsari, ko ya yi fari fat ya galabaita, kar a tsaya sayen Flagyl ko maganin tsayar da gudawa a kemis. Akwai nau'in E. coli da ke taɓa ƙodar yara, kuma irin waɗannan magungunan suna iya ƙara tsananta abin. A kai su asibiti a daren. Ku turo min yadda ƙaramar ta kwana, zan kira ku bayan isha'i in sha Allahu.