Maganin ciwon barci da ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Samaru, Zariya. Na karanta cewa in aka yi amfani da wani magani aka hana jikin jaririn ɓera haɗa sinadaran foliyamin, ƙwaƙwalwarsa ba ta girma daidai. Sai kuma na ga da wannan maganin ake yi wa mutane jinyar ciwon barci. Ta yaya abin da ke nakasa ɓera zai zama waraka ga mutum?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Tambayarki ta yi ma'ana, amsarta kuma tana ga lokacin da aka ba da maganin.

Manyan foliyamin guda uku ne: futiresin, sifamidin da sifamin. Duk ƙwayar halittar da za ta rabu biyu tana buƙatarsu, domin suna manne wa DNA da RNA, masu ɗauke da bayanan gado, suna taimaka wa haɗa furotin. Wani inzayim (furotin mai hanzarta haɗa sinadarai a jiki) da ake kira ODC ne ke buɗe hanyar haɗa su, yana mai da wani sinadari mai suna onitin ya zama futiresin. Maganin DFMO, wato efulonitin, wanda aka ƙirƙira a Faransa a shekarun 1970, yakan kama ODC ya kashe aikinsa har abada.

A shekarun 1980, Theodore Slotkin da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka sun riƙa yi wa jariran ɓeraye allurarsa kullum bayan haihuwa. Futiresin da sifamidin suka faɗi warwas, sifamin bai ragu sosai ba. Ɓerayen suka tsumbure, gashinsu ya ƙi fitowa yadda ya kamata. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ɓarnar ba ta bi ƙwaƙwalwa bai ɗaya ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, mai kula da daidaiton tafiya da motsi, ita ta fi jin jiki. Dalili kuwa, manyan sassan gaba sun gama yawancin rabuwarsu tun a ciki, ita kuwa sai bayan haihuwa take nata. A makonni ukun farko akwai wani siririn shimfiɗi da ya lulluɓe ta daga waje inda ƙananan ƙwayoyin jijiya ke ta hayayyafa, sannan kowace ta nutsa ciki ta sami mazauninta. In kika duba yankan ƙwaƙwalwar ɓeran da aka yi wa allura a madubin likita, za ki ga ƙwayoyin sun yi ƙaranci, wasu kuma sun maƙale a hanya ba su kai gida ba. Kamar masara ce: farin da ya same ta tana goyo ba ɗaya yake da wanda ya zo bayan ta bushe ba.

Babban mutum ya wuce wannan gaɓa. Ga kuma wani bambanci: jikinmu yana sabunta ODC cikin ƙasa da awa ɗaya, ƙwayar ciwon barcin Afirka ta Yamma, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, nata yakan daɗe ba a sauya shi ba. Shi ya sa maganin ke durƙusar da ita, mu kuwa mu farfaɗo. An amince da shi a Amurka a 1990, a 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi haɗinsa da wani magani mai suna nifatimos. Duk da haka yana iya rage ji da kuma jini.

Kada ki ɗauki sakamakon ɓera ki ɗora wa mutum kai tsaye, amma kada ki raina shi. Ƙwaƙwalwar ɓera mai kwana 7 zuwa 10 tana kusa da ta jaririn da aka haifa yanzu, shimfiɗin nan na ƙaramar ƙwaƙwalwa kuma a mutum yakan kai wajen shekara ɗaya kafin ya ɓace. Don haka ni dai ina ganin taka-tsantsan da likitoci ke yi da mai juna biyu a kan wannan magani yana kan hanya.