Tsakanin ABU Zariya da BUK ga mai son karanta harkokin kasuwanci

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambaya wace za ka sa a zaɓin farko a fom ɗin JAMB, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya (ABU) ko Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), ka kuma ce mahaifinka yana da shago a Kantin Kwari amma abokanka duk Zariya suka nufa. Ni a harabar Kongo ta ABU na yi nawa digirin, ɗan yayana kuwa a BUK ya kammala, saboda haka na ga ɓangarorin biyu da idona.

Kada ka ɓata lokaci kan gardamar wace ta fi suna. An kafa ABU a 1962, BUK kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, dukkansu na gwamnatin tarayya ne, kuma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ce take shimfiɗa ma'aunin abin da ake koyarwa. Akanta, tattalin arziki, dabarun talla da dokokin ciniki, shekara huɗu za ka yi a kansu ko nan ko can. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ma ba ya ware ɗaya, domin na 2022 wata takwas ya rufe su baki ɗaya.

Bambancin yana wajen aji. Ni na haddace yadda ake fitar da riba da faɗuwa a takarda, na ci jarrabawa da maki mai kyau, amma ban taɓa riƙe littafin bashi na gaske ba sai bayan bautar ƙasa, kuma ranar da na fara riƙewa sai da gumi ya karyo mini. Ɗan yayana kuwa, duk ranar Asabar yana shagon wani ɗan'uwanmu a Kwari, yana ƙirga turamen atamfa da shadda, yana kallon yadda baƙo daga Maraɗi zai ɗauki kaya bisa amana ya biya bayan sati uku, da yadda tashin dala yake sa a sauya farashi tsakanin hantsi da la'asar. Da ya kai aji huɗu, a kan sayar da kaya bashi ya rubuta furojet ɗinsa, bai kuma sha wahalar neman wanda zai amsa masa tambayoyi ba. Garin Kano da yake da kasuwannin Singa da Dawanau da masana'antun Sharaɗa da Bompai makaranta ce ta biyu ga ɗalibin wannan fanni, kai kuwa har kujera kake da ita a ciki.

Ban raina abin da Zariya ta ba ni ba. A ɗakinmu akwai mutumin Binuwai, akwai na Kwara da na Borno, kuma har yau ta hannunsu nake samun wasu ayyukan. Nisa da gida ya koya mini tattalin kuɗin wata, wanda shi ma darasin kasuwanci ne. Idan ka san cewa zaman gida zai mayar da kai ɗan aike, a riƙa kiranka shago kana tsakiyar lacca, to Zariya ta fi maka. Sai dai ka zauna da mahaifinka ku lissafa kuɗin ɗaki, abinci da mota na shekara huɗu, domin bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, ba zai ɗauke duka ba.

A halin da ka bayyana, BUK zan ce ka sa, da sharaɗin ku yi magana tun yanzu cewa ranakun karatu na makaranta ne, shago sai ƙarshen mako. Kafin ka cike fom ɗin, ka tabbata kana da kiredit a Turanci, Lissafi da Tattalin Arziki, sannan ka shiga sabuwar harabar da ke titin Gwarzo ka tambayi 'yan aji ɗaya na sashen makin da aka ɗauke su da shi bara.