Tambayi Likita: Wa ya dace ya ba da ƙwayoyin tsayar da jini?

Tambayoyin wannan makon, daga 'yan'uwa mazauna Saudiyya, sun taru a kan bayar da safa'ih, ƙwayoyin nan masu tsayar da zubar jini, waɗanda na'ura ke tacewa daga jikin mai bayarwa ta mayar masa da sauran jininsa.

Likita, nauyina kilo 47 ne. Za su karɓe ni? (Ɗalibi, Madina)

A'a, ɗana, sai ka kai kilo 50. Ko ka kai, sai an auna an ga ƙwayoyinka ba su gaza 150,000 a kowace maikrolita (ɗan mitsitsin ma'auni) ta jini ba.

An ce na'urar tana sa wa mutum cutar wani. (Daga Makka)

Ba haka ba ne. Allura da robobin sababbi ne, a gabanka ake ɓare ledarsu, a zubar bayan an gama. Jininka ba ya taɓa jikin na'urar.

Da na bayar, leɓɓana sun yi ta zuga kamar ana tsira mini allura. (Direba, Jidda)

Sinadarin sitiret ne da ake sawa don kada jini ya daskare, yana rage kalsiyam na ɗan lokaci. Ka faɗa wa nas nan take, za ta rage gudun na'ura ta ba ka ƙwayar kalsiyam. Kada ka daure, zaman yakan kai awa biyu.

Jikana yana kwance da sankarar jini. An ce mai shan asfirin ba ya bayarwa, shi ya sa na ajiye nawa mako guda ke nan. An sa mini ƙarfe a jijiyar zuciya bara. (Dattijo, Jidda)

Baba, don girman Allah ka kira likitan zuciyarka yau ɗin nan, ka faɗa masa ka daina. Kada ka bari sai gobe. Gaskiya ne asfirin yana kashe kaifin waɗannan ƙwayoyi, shi ya sa ake ce wa wanda ya sha don ciwon kai ya jira awa 48. Amma wannan doka ta mai lafiya ce. Kai an ba ka shi ne don kada jini ya dunƙule a cikin ƙarfen nan ya toshe hanya, kuma idan ya toshe, bugun zuciya ne. Ko ka je bayarwa, da ma'aikatan sun ji tarihinka za su sallame ka, ka ga an yi ba a yi ba.

Na san zafin ganin yaro a gado. To ka yi abin da ya fi amfani: ƙwayoyin nan kwana 5 zuwa 7 kawai suke yi a ajiye, don haka yaron zai buƙaci masu bayarwa a kai a kai. Ka tara samarin unguwa da na masallaci, a tsara su bi da bi, kowa ya riƙo iƙamarsa, wato katin izinin zama. Mai lafiya yana iya bayarwa har sau 24 a shekara. Idan kuwa ka ji nauyi a ƙirji ko numfashi ya sarƙe, a kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa, kada ka tuƙa kanka.

Ƙanena na da zazzaɓin dengi, ƙwayoyinsa sun sauka. Muna ba shi ruwan ganyen gwanda, za a kuma yi masa ƙaho. (Wata baiwar Allah, Makka)

Haba Hajiya! Mutumin da jininsa ba ya tsayawa ne za a tsaga wa baya? A dakatar da wanzamin. Ganyen gwanda bai maye gurbin awon jini, kuma kada a ba shi asfirin ko burufen, farasitamol kawai. Jini a dasashi ko hanci, baƙin bayan gida, ciwon ciki mai tsanani ko amai ba ƙaƙƙautawa, asibiti ne ko da tsakar dare. Ni da za ki ji tawa, yau za a kai shi.

Na dawo daga Kano wata ɗaya da ya wuce, lafiyata ƙalau. Zan iya bayarwa? (Daga Riyad)

Ka faɗa wa ma'aikatan wurin bayarwa cewa ka je Kano. Ƙwayar maleriya tana laɓewa a jini ba tare da zazzaɓi ba, su za su yanke maka tsawon jiran. Idan zazzaɓi ya taso kafin nan, je ka a auna ka.