Koyar da daidaiton ninki da na juyi da tambarin motoci

Malama, kin tambaya yadda za ki sa ɗalibanki su bambanta daidaiton ninki da na juyi ta hanyar zana tambari. Ki fara da tambarin da suke gani kullum a titi.

Tauraron Mercedes-Benz ya fi sauƙi. A yanke shi a takarda a ninke, gefe zai hau gefe ta hanyoyi 3. A soka fil a tsakiya a juya, duk digiri 120 sai ya koma kamanninsa. Mitsubishi ma haka. Toyota kuwa ninki ɗaya gare shi, a kan layin tsakiya da ya sauko daga sama zuwa ƙasa, juyi babu.

Inda darasin yake shi ne harafin S na Suzuki. Yara za su rantse yana ninkuwa, ki bar su su gwada har su gaji. Ba ya ninkuwa ko ta ina, amma a juya shi digiri 180 ya dawo daidai. A ganina wannan misali ɗaya ya fi bayanin awa guda a allo.

Sannan kowa ya zana tambarin shagon da yake mafarkin buɗewa, da sharaɗi: mai juyi 4, wato mai komawa kamanninsa duk digiri 90, amma mara ninki. Takarda mai shara-shara da ƙaramin madubi sun isa duba aikin.