Ku Tambaya Mu Amsa: Zuba duwatsu a kogi yana dawo da kifi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai sayar da banda ce a Aboabo nan Kumasi, shekara da shekaru daga Yeji da ke bakin tafkin Bolta ake kawo min kaya, amma yanzu kwandon ya ragu kifin ma duk ƙanana, na kogin Offin kam mun daɗe da mantawa da shi. Ɗana ya nuna min wani bidiyo a Facebook wai a Amurka duwatsu suke zubawa a kogi kifi ya zo ya yi ƙwai. Dan Allah gaskiya ne? In gaskiya ne me ya hana mu ma a yi mana?
Hajiya mai banda, Aboabo

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya buɗa kasuwa. Abin da ɗanki ya nuna miki gaskiya ne. A kogin Ditroyit da na Sen Kileya da ke tsakanin Amurka da Kanada, tun farkon shekarun 1900 aka yi ta yashe ƙasan kogi saboda manyan jiragen ruwa su wuce, aka kwashe duwatsun da wani ƙaton kifi mai suna istajin yake zuba ƙwansa a tsakaninsu, shi kuma kifin nan macen sai ta kai wajen shekara 20 kafin ta fara ƙwai, kin ga in ya ƙare dawowarsa ba wasa ba. Toh daga 2004 suka fara zubo fasassun duwatsu a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, kusa da tsibirin Bel Ayil, a 2008 aka ƙara a wani tsibirin ɓangaren Kanada, kuma an je an duba an tarar da ƙwai a kai. Ƙwan yana faɗawa cikin ramukan dutse ne, ruwa na wanke shi yana samun iska, masu cinye shi ba sa kai gare shi.

Amma Hajiya su dutse suka rasa shi ya sa dutse ya yi musu magani. Mu ruwan kansa ne ya lalace. Ki sa a ɗebo miki ruwan Offin a gora ki ajiye ya kwana, da safe ki duba gindin gorar, laka ce ja kwance kamar kunu, aikin galamsai kenan, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, haka kogin Pra haka Birim haka Ankobra. In aka zuba tifa ɗari na dutse a irin wannan ruwan laka za ta toshe ramukan, ƙwan ya shaƙe ya mutu, an yi asarar kuɗi kenan. Ko can Amurkan ma akwai duwatsun da yashi ya binne musu, balle mu. Wallahi abin yana ci min rai, kogin da iyayenmu suka sha suka ci kifinsa.

Sannan kifinmu ba duka ke neman dutse ba. Karfasa rami namijin ke haƙawa a yashi a bakin ruwa, macen ta kwashe ƙwan a bakinta har ya ƙyanƙyashe, ni da idona na ga masunci a Yeji ya buɗe bakin wata ƙwai cike rawaya-rawaya kamar gero, ita ɗaya aka kama amma ɗaruruwa aka kashe. Tarwaɗa kuma damina take jira, ruwa ya malala cikin ciyawa ta bi ta zuba a can. In an nome bakin kogi har ruwa ko an haƙe shi, ina za ta je?

Kuma muna da namu irin dabarar tun kaka da kakanni. Masunta 'yan ƙabilar Ewe suna kafa rassan itace a ruwa mara zurfi su ce masa atidza, a Jamhuriyar Benin akaja ake cewa, gansakuka ta fito a jikin rassan kifi ya ci, ƙanana su ɓuya. Matsalar kawai in lokaci ya yi a kewaye da koma a kwashe duka har 'ya'yan. Ni a ganina da masunta da shugabanninsu a Yeji za su yarda a ware wasu atidza ɗin da ba mai taɓawa, a daina amfani da raga mai ƙananan ido da damina, da ya fi dutsen yi mana amfani a tafkin Bolta.

Ke ma kina da hannu Hajiya, ku ne masu saye. In ku matan banda na Aboabo da Asawase kuka haɗa baki kuka ce kwandon da aka cika da 'yan mitsi-mitsin kifi ba ku karɓa, saƙon zai isa Yeji kafin motar ta koma.